Yadda Ake Zaɓar Kwas a Jami'a da Zai Kai Mutum ga Aiki Mai Mutunci

Yawancin ɗalibai a tsaye suke zaɓar kwas, a cikin cibiyar rajistar JAMB. Mai danna kwamfuta yana jiran amsa, na baya a layi suna tsaki, sai yaro ya faɗi kwas ɗin da ya ji yayansa yana yi, ko wanda ya fi daɗin faɗa a gaban mutane. Shawarar shekara huɗu ko biyar ke nan aka yanke cikin minti biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ga yadda ake yin wannan shawara tun daga gida. Da "kai" za mu yi magana don sauƙi, amma har da ke.

A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa, waɗanda ake son cimmawa kafin 2030. Na takwas a cikinsu shi ne samar da aiki mai mutunci da bunƙasar tattalin arziki. Tun 1999 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, take amfani da wannan kalma, kuma ta ɗora ta a kan ginshiƙai huɗu: samuwar aikin, haƙƙin ma'aikaci, kariya idan an yi ciwo ko an tsufa, da damar zama a tattauna da mai aiki. A aikace ana nufin aikin da ke da takarda, albashi yana zuwa a kan lokaci, ana tara maka fansho, kuma ba a korar ka don ka tambayi haƙƙinka.

Da wuya ka ga digirin farko mai suna "ci gaba mai ɗorewa" a jerin JAMB. Abin yana rarrabe ne a cikin kwasa-kwasan noma, injiniya, tattalin arziki, muhalli da kwamfuta. Kai za ka tono shi.

Mataki na 1: Fara daga aikin, sannan ka dawo kan kwas

Ɗauki takarda ka rubuta ayyuka uku da ka taɓa ganin mutum yana yi da idonka, ana biyansa, a yankin da kake sa ran zama. A kowane aiki nemi mutum biyu: wanda ya kai shekara goma a ciki, da wanda ya shiga cikin shekara biyun nan. Ka yi musu tambaya huɗu. Wace takarda aka nema lokacin ɗaukarsu? Me suke yi daga safe zuwa tashi? Wane kayan aiki ko wace manhajar kwamfuta suke taɓawa kullum? Wata nawa suka yi a gida tsakanin gama bautar ƙasa da albashin farko? Amsar sabon shiga ta fi amfani, domin kasuwar da ta ɗauki na farko ta riga ta tashi.

Bayan nan tara tallan neman ma'aikata guda 20 na wannan fanni daga jaridu da shafukan intanet. Ja layi ƙarƙashin duk abin da aka maimaita. Idan 14 cikin 20 sun ce sai mai iya Excel, ko sai mai rajista da wata hukumar sana'a, ka san abin da digirin kaɗai ba zai ba ka ba. Idan ka kasa samun tallan ko biyar cikin wata guda, wannan ma amsa ce.

Mataki na 2: San rukunan kwasa-kwasan da abin da ke bayan kowanne

*Noma da sarrafa abinci.* Nan akwai tattalin arzikin noma, aikin malamin gona, kimiyyar ƙasar noma, kimiyyar dabbobi, kiwon kifi, gandun daji, da kimiyyar sarrafa abinci. Digirin noma shekara biyar ne, kuma shekara ta huɗu a gona ake yin ta, da fartanya a hannu. Wajen zaɓar jami'a, duba wadda ke da cibiyar bincike a jikinta, don nan ne ɗalibi ke ganin aikin gaske. ABU Zariya tana da cibiyar binciken noma, IAR, a Samaru, da cibiyar binciken dabbobi, NAPRI, a Shika, da NAERLS mai kula da aikin malaman gona. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, CDA. Akwai kuma Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Zuru. Masu ɗaukar aiki su ne kamfanonin iri da na taki, injinan casar shinkafa irin na Kano da Argungu da Birnin Kebbi, masu haɗa abincin kaji, sashen rancen noma na bankuna, hukumomin noma na jihohi irin KNARDA, da shirye-shirye irin ACReSAL da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja.

Matsalar tsangayar noma ɗaya ce, kuma tsohuwa: da yawa daga ɗalibanta likitanci suka nema aka turo su nan, sai su shekara biyar suna cin magani, su fita da ƙaramin sakamako. Wanda ya shigo da niyya tun farko yana tserewa ajin cikin sauƙi. Kimiyyar sarrafa abinci kuwa an raina ta ba gaira ba dalili. Masana'antar da ke neman rajistar NAFDAC, ko ta ruwan leda ce, sai ta nuna ma'aikaci mai takardar kimiyya da ke kula da sarrafawa.

*Lantarki, ruwa da gini.* Injiniyan lantarki, na injuna, na gine-gine da hanyoyi, na kayan noma, da na albarkatun ruwa da muhalli, duk shekara biyar ne. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu, hukumar samar da lantarki a karkara, REA, kuma tana ba da ayyukan ƙananan tashoshin sola a karkara. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi a Sakkwato wadda ta daɗe tana aiki a kan hasken rana.

Sai dai digiri ba ya koya wa hannu aiki. Ga irin lissafin da abokin ciniki zai sa ka yi a gabansa. Mai shago yana jan wat 500 na tsawon awa 8, wato wat-awa 4,000 a rana. Ka ɗauka ana samun rana mai ƙarfi ta awa 5, kuma kashi 25 cikin ɗari yana salwanta a waya da batir da inbata da ƙura. Raba 4,000 da 5, ka sami 800. Raba 800 da 0.75, ka sami kusan wat 1,070. Faifan sola uku ke nan masu wat 400. Injiniyan da ya kasa yin wannan a bayan ambulan, yaron shagon da ya koya a kasuwar Sabon Gari zai karɓe aikin. Mai son yin wayarin a hukumance kuma yana bukatar shaidar hukumar NEMSA, ban da digirinsa.

*Tattalin arziki, ƙididdiga, akanta, banki, inshora da kula da ma'aikata.* Shekara huɗu ne, kuma nan cunkoso ya fi yawa, a wajen shiga da wajen neman aiki. Takardar ƙwarewa ce ke raba ka da taro: ICAN ko ANAN ga akanta, CIBN ga ma'aikacin banki, CIPM ga mai kula da ma'aikata. Ɗalibin akanta yana iya fara jarrabawar ATS ta ICAN tun yana jami'a. Ƙididdiga ta fi sunanta daraja, domin kowane shiri na gwamnati ko na ƙungiyar agaji yana da jami'in sa ido da auna sakamako, kuma wanda ya iya tattara bayanai da tace su ake nema. Bankin da ba ruwansa da kuɗin ruwa ma fage ne da ke buɗewa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiyar koyar da harkar banki da kuɗi ta Musulunci, IIIBF. Mai sha'awar aikin raya karkara ya duba sashen nazarin ƙananan hukumomi da ci gaba na ABU da ke Kongo.

*Muhalli da tsara gari.* Kula da muhalli, tsara birane, labarin ƙasa, lafiyar muhalli da ƙiyasin kuɗin gini. Dokar 1992 ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, wannan rahoto kuma mutane ake biya su rubuta. Makamin wannan fanni shi ne zana taswira da kwamfuta. Manhajar QGIS kyauta ce, babu uzuri. Akwai kuma shirin SPESSE na Bankin Duniya da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, wanda ya kafa cibiyoyi a jami'o'i shida don koyar da sayen kayan gwamnati bisa ƙa'ida da ma'aunin muhalli da na jama'a. ABU da ATBU Bauchi suna ciki.

Kwamfuta ba sai an yi dogon bayani ba: a wannan fanni abin da ka gina ake fara tambaya kafin takarda.

Mataki na 3: Daidaita sakamakon sakandare da darussan UTME, jarrabawar JAMB ta shiga jami'a

Ana bukatar kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, daga WAEC, NECO, NABTEB ko NBAIS, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne, ko da an rubuta an ci. Duk kwasa-kwasan da aka ambata a sama suna son Lissafi, kada wani ya ruɗe ka.

A UTME darussa huɗu ne, Turanci dole, maki 400 gaba ɗaya. Haɗin da aka saba:

- Injiniya: Lissafi, Fiziks, Kemistiri.
- Noma: Kemistiri, Bayoloji ko darasin Noma, sai Fiziks ko Lissafi.
- Tattalin arziki, akanta da kasuwanci: Lissafi, Tattalin Arziki, da wani darasin zamantakewa guda.
- Tsara birane: Lissafi, Labarin Ƙasa, da ɗaya cikin Tattalin Arziki, Fiziks ko Kemistiri.

Wannan na gama-gari ne. Kowace jami'a tana da nata ƙarin sharaɗi, kuma a kundin JAMB na intanet, IBASS, yake. Buɗe shi, nemo kwas ɗin, nemo jami'ar, ka kwafe sharaɗin a takarda ka tafi da ita wurin rajista. Kuskure biyu ne suka fi cin mutane. Na farko, mai neman tattalin arziki ya gudu daga Lissafi ya ɗauki darasin Gwamnati. Ko ya ci 280 ba za a duba shi ba. Na biyu, a ɗauka darasin Noma yana maye gurbin Bayoloji a ko'ina, alhali wasu sassan ba sa karɓa.

Idan kiredit bai cika ba, a sake zama a jarrabawar masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, ko a shiga makarantar share fage irin ta ABU da ke Funtua. Mai IJMB, ko difloma ta ND, ko NCE, yana iya shiga kai tsaye zuwa shekara ta biyu ta fom ɗin DE.

Mataki na 4: Tabbatar an tantance kwas ɗin

Jami'a tana iya zama halastacciya amma wani kwas a cikinta ba shi da izini. NUC tana ba kwas ɗaya daga matsayi uku: cikakkiyar tantancewa ta shekara biyar, ta wucin gadi ta shekara biyu, ko a hana shi, a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Duba shafin NUC, sannan ka je sashen da kanka ka tambayi yaushe aka zo tantancewa ta ƙarshe da abin da aka samu. Sabuwar jami'a ko sabon sashe, ka ƙara tambaya ko an taɓa yaye ɗalibai sun tafi bautar ƙasa.

Kwasa-kwasan sana'a suna da tantancewa ta biyu: COREN ga injiniyoyi, TOPREC ga masu tsara birane, CORBON ga magina, TRCN ga malamai. Wanda ya gama injiniya a sashen da COREN ba ta amince da shi ba yana da digiri, amma rajistar da za ta ba shi damar sa hannu a zane za ta yi masa wuya. Tun da ka je sashen, leƙa ɗakin gwaji. Idan injinan a rufe suke da leda ƙura ta hau, ka ga abin da za ka tarar.

Mataki na 5: Rajista da neman gurbi

Da lambar NIN ake farawa. Ka tura NIN, ka bar tazara, sannan lambobinka 11, zuwa 55019 ko 66019, a turo maka lambar da za ka sayi fom da ita. Yi amfani da layin wayarka na kanka, wanda ba za ka yar ba, domin ta nan saƙonnin JAMB za su riƙa zuwa har ka gama. Kafin ka tura, ɗora katin NIN kusa da sakamakon sakandare ka gwada harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta bambanta, ƙaramin abu ne yau, amma shi ne ke tsayar da mutum a ƙofar bautar ƙasa bayan shekara biyar. A gyara a ofishin NIMC tun kafin rajista.

Zaɓin farko shi ne zaɓi. Manyan jami'o'i ba sa waiwayar wanda ya sa su na biyu. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Don haka ɗan Jigawa mai maki matsakaici ya fi samun dama a jami'ar da jiharsa ke cikin kewayenta.

Kada makin ƙasa ya yaudare ka. A 2025 JAMB ta sa 150 a matsayin mafi ƙaranci na shiga jami'a, amma wannan bakin ƙofa ne kawai. Kowane sashe yana yanke nasa, kuma wasu jami'o'i suna haɗa makin UTME da na jarrabawar tantancewarsu. Wani salon haɗin shi ne a raba UTME da 8, a raba na tantancewa da 2: mai 224 da 62 zai tashi da 28 da 31, wato 59 cikin ɗari. Tambayi ɗaliban shekarar farko na sashen da nawa aka ɗauke su bara. Idan makinka bai kai ba, canza kwas ko jami'a a cibiyar rajistar JAMB, CBT, da wuri, kafin a rufe.

Abu biyu na ƙarshe. Ka tabbata an ɗora sakamakon sakandarenka a shafin JAMB, don wanda nasa bai hau ba, tsarin JAMB na raba gurabe, CAPS, ba ya ganinsa. Idan gurbi ya fito, a CAPS za ka karɓa, cikin wa'adi, ka buga takardar shaidar JAMB. Gurbin da aka ba ka ta bayan gida, ba ta CAPS ba, sunanka ba zai shiga rajistar ɗaliban JAMB ba, kuma da wannan rajista ake tura mutane bautar ƙasa.

Mataki na 6: Kuɗin karatu

Lissafa shekarun duka, har da masauki, abinci, mota, kayan gwaji da kuɗin aikin bincike na ƙarshe. Kwas mai shekara biyar ka ƙara masa wata shida na ko-ta-kwana. Tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa: kuɗin makaranta a tura wa jami'a kai tsaye, sai naira 20,000 a wata ga wanda ya nemi na ɗawainiya. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Ana bukatar NIN, BVN, lambar JAMB da lambar ɗalibi. Idan shafin ya ƙi gane ka, galibi jami'ar ce ba ta ɗora bayananka ba, sai ka bi ta ofishin harkokin ɗalibai. Ka nemi tallafin hukumar sikolashif ta jiharka ma, ko da yana jinkiri.

Mataki na 7: Abin da ake yi a cikin jami'ar

Tun ran gini, ran zane. Ana auna sakamako a kan maki 5: A daga 70 maki 5 ne, B daga 60 maki 4, C daga 50 maki 3, D daga 45 maki 2, E daga 40 maki 1, F sifili. Kowane darasi ana ninka makinsa da nauyinsa. Ɗauki zango mai darussa huɗu: mai nauyi 3 ka ci A, 15 ke nan, wani mai nauyi 3 ka ci C, 9, mai nauyi 2 ka ci B, 8, mai nauyi 2 ka faɗi, sifili. Jimla 32, a raba da nauyi 10, ka tashi da 3.20. Da wancan na ƙarshe C ka samu, da 3.80 ne. Darasi ɗaya ƙarami, irin na gama-gari da ɗalibai ke rainawa, ya sauko da kai daga wata darajar digiri zuwa ta ƙasa da ita. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Bankuna da manyan kamfanoni galibi ta biyu babba suke nema, da iyakar shekaru, shi ya sa maimaita shekara ke da tsada sau biyu. Makin shekarar farko ya fi sauƙin tarawa kuma ya fi wuyar gyarawa daga baya.

Sabuwar manhajar NUC, CCMAS, da aka fara aiki da ita a 2023, ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. A cikin wannan 30 ɗin ne darussan zaɓi masu amfani suke, irin noman rani ko makamashin rana. Ka zaɓa da tallan aikin nan 20 a hannu, kada ka bi wanda aka ce malaminsa yana ba da maki. Akwai kuma darussan sana'a biyu na dole, ENT 211 da ENT 312. Yawanci haddacewa ake yi a wuce. Mai wayo yana amfani da na biyun ya rubuta tsarin kasuwanci na gaske, da farashin da ya tambayo a kasuwa, ya yi wa sunan kasuwancin rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC.

SIWES, horon masana'antu da hukumar ITF ta kafa a 1973, shi ne wurin da aka fi yin asara. Wata shida ne ga mafi yawan ɗaliban injiniya da kimiyya. Abin da ke faruwa shi ne ɗalibi ya kai takarda wani ofishi kusa da gida inda ba abin yi, ya riƙa leƙawa ranar Juma'a a sa masa hannu a littafin aiki. Fara neman wuri wata huɗu kafin lokaci. Rubuta wa wurare goma, ka kai takardar da ƙafarka: masana'antun Sharaɗa, Bompai da Chalawa a Kano, Kakuri a Kaduna, hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Mando. Ƙaramin kamfani da zai ba ka sifana ya fi babban da zai ba ka kujera. A littafin aiki rubuta abin da hannunka ya yi da adadinsa: mita nawa na waya, samfur nawa ka gwada, manoma nawa ka yi wa rajista. Waɗannan lambobi su ne za su shiga takardar neman aikinka. Kafin ka tafi, karɓi wasiƙar shaida mai hatimi daga wanda ya kula da kai.

Aikin bincike na shekarar ƙarshe ma haka. Kada ka saya, kada ka kwafa. Zaɓi tambayar da wani zai biya kuɗi don ya san amsarta. Misali, kwando nawa cikin 100 na tumatir ke lalacewa tsakanin gonakin Kadawa da kasuwar 'Yankaba, kuma a wane zango asarar ta fi yawa: wajen tsinka, wajen lodi, ko a jiran mai saye? Sikeli, littafi da mako shida na sammako sun isa. Ɗalibin da ya shiga ganawar neman aiki da irin wannan a hannu yana da abin faɗa na minti goma wanda ba wanda ya haddace.

Mataki na 8: Bautar ƙasa da karatun gaba

Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi, wanda ya yi karatun wucin gadi kuma ba ya tafiya. Ga mai tafiya, alawus ya koma naira 77,000 a 2025. Tun kafin shiga sansani nemi wurin da ke aikin fanninka ya rubuta takardar neman a turo ka. A shirin koyon sana'a na SAED, wanda aka fara a 2012, ɗauki abin da ya jiɓinci digirinka, kuma ka ci gaba da shi bayan mako ukun sansani. Ware wani abu daga alawus don jarrabawar ƙwarewa.

Digiri na biyu a nan ne sunan ci gaba mai ɗorewa ke fitowa ɓaro-ɓaro, kamar a cibiyar CESDEV ta Jami'ar Ibadan, ko CDA a Kano, ko cibiyoyin SPESSE. Shawararmu a yi aiki shekara ɗaya ko biyu tukuna. Digiri na biyu da aka yi don gudun zaman gida ba ya ƙara komai sai shekaru.

Mataki na 9: Auna aikin kafin ka sa hannu

Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Nemi takardar ta nuna albashi, awannin aiki, hutu, tsawon lokacin gwaji, da wa'adin sanarwa idan za a rabu. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, kodayake dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Ka tambaya kuma wa ya ɗauke ka: kamfanin da kansa, ko wani ɗan kwangila da ke kawo masa ma'aikata? Mutum biyu suna iya zama a tebur ɗaya a banki, ɗaya yana da ƙarin girma da inshorar lafiya, ɗayan ba shi da ko ɗaya. Duk wanda ya ce ka biya kuɗi a ba ka aiki, ko ka ajiye takardunka na asali a hannunsa, ka tashi. Rikicin aiki kuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai shi.

Dokar 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi a asusun NSITF, don diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Mai shiga masana'anta ko wurin gini ya tambaya ko ana biya. Fansho kuma, a dokar 2014, wajibi ne ga kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama: kai kashi 8, mai aiki kashi 10, a kan tushen albashi da kuɗin gida da na mota. Idan waɗannan uku sun kai naira 120,000, za a cire maka 9,600, kamfani ya ɗora 12,000, a zuba 21,600 a asusunka cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kai ke zaɓar kamfanin fanshon, kuma yana turo saƙo duk lokacin da kuɗi suka shiga. Idan takardar albashi ta nuna an cire amma wata biyu ba saƙo, nemi bayanin asusu daga kamfanin fanshon, ka kai wa ofishin ma'aikata a rubuce ka riƙe kwafi. In ba a gyara ba, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ce ke karɓar wannan ƙorafi.